Ma'anar "Adalci" Cikin Gardamar Haraji da Tallafi a Ingila, 2010 zuwa 2025

Gabatarwa

Akwai kalmomin da fassara su ba wuya, amma gane abin da mai magana ya ke nufi da su sai an yi bincike. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda Turawan Ingila su ke cewa "fair", wadda masu juya labarai zuwa Hausa su kan fassara da "adalci". Daga 2010 zuwa 2025 an yi doguwar gardama a Biritaniya a kan rage tallafin da Gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, da kuma sake tsarin haraji. Waɗanda suka yi ragin sun ce don adalci suka yi, waɗanda suka ƙi shi kuwa sun ce don adalci suka ƙi. Mai sauraro ya ji kalma ɗaya daga bakin abokan gāba biyu, sai ya zaci lalle ɗayansu ƙarya ya ke yi. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa ma'aunai daban daban ne aka lulluɓe da kalma guda, sa'an nan a bi lissafin kuɗin da kansa, a ga gidajen da nauyin ya sauka a kansu.

Kalmar da nahawunta

Hausa ta aro "adalci" daga Larabci. A cikin wancan harshe, saiwar da ta ba da wannan kalma ita ce kuma ta ba da sunan rabin kayan da a ke aza wa dabba, watau ɓari ɗaya na abin da Bahaushe ya ke kira mangala. Tun asali ke nan maganar awon abu biyu ce, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya. Nahawun Hausa ya riƙe wannan ma'ana, gama a Hausa yin adalci a ke yi: a kan yi wa wane adalci, ko a yi adalci tsakanin wane da wane. Mai magana bai cika jimlarsa ba sai an san wanda aka yi wa. Kalmar Turancin kuwa siffa ce, ta kan tsaya ita kaɗai. Minista na iya cewa kasafin kuɗinsa mai wannan siffa ne, ya zauna, ba tare da ya faɗi mutanen da ya gwama ba.

Ya kamata kuma a rarrabe "adalci" da "daidai". In an aza wa ƙaton jaki da ɗan ƙaramin jaki buhu bibbiyu, an yi musu daidai, amma ba mai cewa an yi wa ƙaramin adalci. Haraji ma haka ya ke. Akwai wanda a ke yanka wa kowa kuɗi ɗaya, mai shi da maras shi. Akwai wanda ke bin yawan dukiya, kamar jangali, inda mai shanu ɗari ya kan biya ninki goma na mai shanu goma. Akwai kuma mai hawa, wanda kashin da a ke karɓa ya ke ƙaruwa in samu ya ƙaru, shi ne irin harajin albashi na Ingila. Kowane ɗaya cikinsu an taɓa samun mai kiransa adalci.

Asalin tsarin tallafi

Tsarin tallafi na Biritaniya ya samo tushensa daga rahoton da William Beveridge ya fitar a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka lura da su a lokacin shi ne, albashi bai san yawan bakunan da ke gida ba. Ma'aikaci gwauro da ma'aikaci mai 'ya'ya huɗu, in aikinsu ɗaya, ladansu ɗaya. Saboda haka, bayan doguwar fafutukar da Eleanor Rathbone ta yi, aka kafa dokar kuɗin yara a 1945, aka fara biya cikin watan Agusta 1946. Sule biyar a ke ba uwa kowane mako saboda kowane ɗa, in ban da ɗan fari. Hujjar ita ce, albashi ya isa ya riƙe ɗa ɗaya, amma daga na biyu nauyi ya ke fara fin ƙarfinsa.

Daga baya, a 1999 da 2003, Gwamnatin jam'iyyar Leba ta faɗaɗa wani irin tallafi da za a iya kira cikon albashi, watau kuɗin da a ke ƙara wa iyalin da samunsu bai kai ba. Daga 2013 kuma aka fara haɗa tallafi iri shida cikin guda ɗaya mai suna Universal Credit, wanda za a riƙa kira tallafin bai ɗaya a nan. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kaso mafi girma na kuɗin da a ke kashewa kan tallafi na tsofaffi ne masu fansho. Na biyu, cikin sauran, da yawa ga gidajen da a ke fita aiki ya ke tafiya, kamar gidajen masu shara, da masu jiran kanti, da masu kula da tsofaffi.

Abin da aka karɓe da abin da aka bayar

Bayan rushewar bankuna a 2008, giɓin kasafin kuɗin Biritaniya ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Cikin watan Mayu 2010 David Cameron ya zama Firayim Minista, George Osborne kuma Ministan Kuɗi, suka ɗaura niyyar cike giɓin, galibi ta hanyar rage kashe kuɗi. Takensu shi ne, kowa da kowa zai ɗanɗana wahalar tare.

Ta wajen haraji, cikin Janairu 2011 an ɗaga harajin kayan saye daga kashi 17.5 zuwa kashi 20. Ko da ya ke yawancin abinci da tufafin yara ba sa cikinsa, duk da haka haraji ne da ba ya tambayar mai saye ko nawa ne albashinsa. A wani gefen kuma an yi ta faɗaɗa abin da a ke yafe wa mutum haraji a kansa cikin samunsa na shekara, daga fam 6,475 a 2010 zuwa fam 10,600 a 2015, har fam 12,500 a 2019. A 2013 an sauko da harajin masu samun fiye da fam 150,000 daga kashi 50 zuwa kashi 45. Harajin ribar kamfanoni kuwa ya sauko daga kashi 28 a 2010 zuwa kashi 19 a 2017, kafin a mai da shi kashi 25 a 2023.

Ta wajen tallafi, ragin ya zo ta ƙofofi da yawa. Daga 2013, shekara uku, ƙarin da a ke yi wa yawancin tallafin masu jini a jika bai wuce kashi 1 ba, sa'an nan daga 2016 zuwa 2020 aka tsai da shi wuri ɗaya, kaya na ta tsada. Wannan ragi ne maras ƙara, gama adadin kuɗin bai sake ba, abin da ya ke saye ne ya ragu. Fansho kuwa aka ba shi kariya ta musamman: kowace shekara ya kan ƙaru da wanda ya fi yawa cikin hawan farashi, ko hawan albashi, ko kashi 2.5. A 2013 aka ƙayyade cewa iyalin da ba sa aiki kada tallafinsu duka ya wuce fam 26,000 a shekara, a 2016 aka sauko da shi zuwa fam 20,000, ko fam 23,000 a Landan. A 2013 ɗin kuma aka soma yanke kashi 14 na taimakon kuɗin haya ga mai zama a gidan hukuma in an ga yana da ɗaki ɗaya fiye da bukatarsa, kashi 25 in ɗakunan biyu ne ko fiye. Daga ƙarshe, yaran da aka haifa daga 6 ga Afrilu 2017, in su ne na uku ko na bayansa, aka daina biyan kasonsu cikin cikon albashi da tallafin bai ɗaya, abin da ya kai fam 2,780 a shekara a lokacin.

Lissafin fam guda

Babbar hujjar Gwamnati ita ce, abin da aka karɓe ta wajen tallafi an mayar ta wajen sauƙin haraji da ƙarin albashi. A nan ne lissafi ya fi magana amfani.

A ɗauka an ƙara fam 1,000 a kan abin da a ke yafe wa haraji. Ma'aikacin da ke biyan kashi 20 ya tsira da fam 200 a shekara. Matar da ke aikin rabin yini, wadda samunta bai ko kai inda haraji ya ke farawa ba, ba ta sami ko kwabo ba, don ba a yafe wa mutum abin da dā ma ba ya biya. Ga kuma na uku, mai biyan haraji wanda ke karɓar tallafin bai ɗaya. Shi wannan tallafi a kan lissafta shi bisa abin da ya rage hannun mutum bayan haraji, kuma a 2016 duk fam ɗin da ya ƙaru masa sai a zaftare kwabo 65 daga tallafin. Saboda haka cikin fam 200 ɗin nan fam 70 kaɗai ya ke kaiwa gida. Mata da miji masu albashi mai kyau, su biyu suna aiki, sun sami fam 400. Watau kyautar ta fi auki a inda ba a karɓe kome ba.

Haka abin ya ke in ma'aikaci ya ƙara ƙwazo. A 2016, mai karɓar tallafin bai ɗaya wanda ya ke biyan haraji, in ya ƙara samun fam guda, watau kwabo 100, harajin albashi ya ɗauki 20, kuɗin inshorar ƙasa ya ɗauki 12, saura 68. A cikin 68 ɗin a zaftare kashi 65 cikin ɗari, watau wajen kwabo 44, ya tashi da kwabo 24. A wannan shekara kuwa attajirin da ke biyan haraji mafi tsanani a ƙasar ya kan biya 45 da 2, ya tashi da kwabo 53. An sassauta zaftarewar zuwa kashi 63 a 2017, da kashi 55 a ƙarshen 2021, kuɗin inshora kuma ya sauko zuwa kashi 8 a 2024, amma ko a wannan lissafi kwabo 32 ne rabon ƙaramin ma'aikacin.

An ga ƙarfin wannan lissafi a 2015. Cikin watan Yuli Osborne ya ba da sanarwar rage fam miliyan dubu 12 daga tallafi, tare da ɗaga mafi ƙarancin lada ga 'yan shekara 25 zuwa sama, daga fam 6.70 zuwa fam 7.20 a sa'a guda, daga Afrilu 2016. Cikin shirin har da soma zaftare cikon albashi tun daga samun fam 3,850 maimakon fam 6,420. Masana lissafin kasafi suka nuna cewa iyalai wajen miliyan uku, masu aiki, za su rasa kimanin fam 1,000 ko fiye a shekara, kuma ƙarin ladan ba zai iya cike wannan rami ba. Dalili kuwa, da yawa cikin masu mafi ƙarancin lada ba su da yara, da yawa kuma cikin masu yara ladansu ya ɗan wuce mafi ƙarancin. Ran 26 ga Oktoba 2015 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, bayan wata guda Ministan ya janye wannan sashe. Amma ragi mai kama da shi ya wanzu cikin tallafin bai ɗaya, wanda a hankali aka mai da mutane cikinsa.

Tsakanin wa da wa?

In an mai da maganganun ɓangarorin biyu cikin nahawun Hausa, aka tilasta wa kowace jimla ta faɗi mutanen da ta gwama, sai a ga ma'aunai uku.

Na farko, adalci tsakanin mai aiki da maras aiki. Wannan shi ne ma'aunin Gwamnati. A taron jam'iyyarsa na Oktoba 2012 Osborne ya kawo misalin ma'aikacin da ke fita da asuba cikin duhu, ya dubi tagar maƙwabcinsa a rufe, yana barci bisa kuɗin tallafi, ya tambaya ina adalci a nan. Ba a iya raina wannan hujja. Mai biyan haraji yana da haƙƙin tambayar inda guminsa ya ke tafiya, bashin da ƙasa ta ci kuwa yaran yau ne za su biya shi gobe. Gaskiya ne kuma yawan masu aiki ya ƙaru ƙwarai kafin 2020, mafi ƙarancin lada ya hau, kuma mutum ɗaya cikin ɗari na masu samu mafi yawa su ke biyan fiye da rubu'in harajin albashi duka. Raunin ma'aunin shi ne, ya raba jama'a gida biyu, masu biya da masu karɓa, alhali a gidaje miliyoyi mutum ɗaya ne ke biya ya ke kuma karɓa. Sau da yawa shi mai fita da asuban ne tsai da tallafi ya ci.

Na biyu, adalci tsakanin mai ƙarfi da maras ƙarfi, watau ma'aunin jakuna biyun nan. Masu wannan ma'auni ba adadin fam su ke dubawa ba, kashin da ya fita daga samun gida su ke dubawa, gama fam 1,000 a gidan mai fam 15,000 kuɗin abinci ne da ɗumama ɗaki, a gidan mai fam 150,000 kuwa ba a ko jin fitarsa. A 2018 Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan Adam ta Biritaniya ta fitar da wani bincike da ya tattara canje-canjen haraji da tallafi tun daga 2010, ya auna su gaba ɗaya. Ya ƙiyasta cewa gidajen da ke cikin kashi 20 na ƙasa za su rasa kimanin kashi 10 na samunsu, fiye da kowane rukuni, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne iyaye masu riƙon yara su kaɗai, da gidajen naƙasassu, da masu yara uku ko fiye. Ƙungiyar Trussell, mai rumbunan abincin agaji, ta raba ƙunshin abinci wajen 61,000 a shekarar 2010 zuwa 2011, a shekarar 2023 zuwa 2024 kuwa fiye da miliyan uku. Yawan rumbunan ma ya ƙaru a tsakani, annobar korona da tsadar makamashi kuma sun sa hannu, saboda haka ba a ɗora wa ragin tallafi wannan ƙari duka, amma ba a kuma wanke shi.

Na uku, adalci tsakanin yaro da yaro. Hujjar ƙa'idar yara biyu ita ce, iyalin da ke karɓar tallafi su yi irin shawarar da mai dogara ga albashinsa kaɗai ya ke yi kafin ya ƙara haihuwa. Gwamin iyaye da iyaye ke nan. Amma in an gwama ɗa na biyu da ƙanensa, sai a rasa laifin da ƙanen ya yi, tun da ba a yi shawara da shi ba kafin a haife shi. Ƙa'idar ta kuma kama wanda ya haifi 'ya'yansa yana da wadata, daga baya aiki ya kuɓuce masa ko aure ya mutu. An keɓe tagwaye, an kuma keɓe ɗan da aka samu ta hanyar fyaɗe, amma sai uwar ta bayyana abin da ya same ta, abin da ya jawo suka mai yawa. Kuɗin yara na asali, magajin na 1946, an ci gaba da biyansa ga kowane ɗa, sai dai shi ƙarami ne. A 2021 Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idar ba ta saɓa wa doka ba. Zuwa Afrilu 2024 yara wajen miliyan 1.6 ke zaune a gidajen da ta shafa, kuma a fiye da rabin gidajen akwai mai fita aiki. Ga abin lura: a 1946 ɗan fari aka bari, don an ga talauci ya fi kama gida mai yara da yawa, a 2017 kuwa gida mai yara da yawan ne aka bari.

Cikin Nuwamba 2025 Ministar Kuɗi ta Gwamnatin Leba, Rachel Reeves, ta ba da sanarwar soke ƙa'idar yara biyu daga Afrilu 2026. A cikin wannan kasafi kuma ta ƙara wa'adin tsai da abin da a ke yafe wa haraji, wanda ya ke fam 12,570 tun 2021, har zuwa 2031. Ma'anar wannan ita ce, in lada ya ƙaru saboda tsada, ƙananan ma'aikata da yawa za su shiga haraji, ko su ƙara biya. Masu adawa da ita suka ce an ɗora wa mai aiki nauyin mai karɓar tallafi, ita kuwa ta ce an fitar da yara daga talauci. Ma'auni na farko ne da na uku suka sake karo, kujerun masu maganar kaɗai suka sake.

Kammalawa

Abin da wannan bincike ya nuna shi ne, ba a auna ragin tallafi shi kaɗai, ko sauƙin haraji shi kaɗai. Sai an tara su a kan gida ɗaya, an san yawan yaransa da yawan samunsa, sa'an nan a ga ko ya ƙaru ko ya ragu. In an yi haka ga shekarun 2010 zuwa 2020, sai a tarar hannun da aka miƙa wa sauƙin haraji ba shi ne hannun da aka karɓe tallafi daga gare shi ba, kuma mafi nauyin kayan ya sauka a kan iyalai masu ƙaramin samu da yara. Ko wannan ya halatta saboda bashin ƙasa, magana ce ta siyasa wadda mutanen Biritaniya ke yankewa a akwatin zaɓe, amma inda nauyin ya sauka magana ce ta lissafi.

Ga mai fassara da malamin da ke horar da shi, darasin na harshe ne. Ba laifi ba ne a juya kalmar Turancin nan da "adalci", gama babu wadda ta fi ta kusa. Amma tun da ya ke Hausa ba ta saba barin wannan kalma ba tare da wanda aka yi wa ba, ya kamata mai fassara ya nemo mutanen da mai maganar ya gwama, ya faɗe su in jawabin ya nuna su, ya kuma lura da waɗanda aka bari ba a aza su kan ma'aunin ba. Ɗalibin da aka koya wa yin wannan tambaya zai iya karanta kowane kasafin kuɗi, ko na wace ƙasa ne, ya gane abin da aka faɗa da abin da aka tsallake.